Yanda za ki koya wa 'yan firamare buga zane a takarda da yadi

Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. In na fahimci tambayarki, an ba ki darasin CCA ne, wato darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, a wata firamare nan Zariya, a cikin manhajar akwai buga zane a takarda da yadi, yara sun cika aji, kuɗin kayan aiki babu, ga kuma hedimasta yana so a samu abun da za a nuna wa iyaye ranar ba da sakamako, shi ne kike tambaya ta ina za ki fara kuma da me. Ni fannin zanen yadi na karanta, kuma na jima ina wannan aikin da yara, to bari in gaya miki yanda nake ganin abun.

Na farko dai ki ajiye maganar yadi a gefe tukuna, duk da na san shi ne ya fi ɗaukar ido kuma shi hedimasta zai fi son gani. Abun da yaro yake koya a wannan darasin abu uku ne, yanda zai ɗebo fenti daidai, yanda zai danna ya ɗaga ba tare da ya goge ba, da yanda zai maimaita zanen a jere har ya zama ado. Duka ukun nan a takarda ake koyonsu, don takarda in ta ɓaci ba a yi asarar komai ba, tsohuwar jarida ma ta isa, bayan takardun jarrabawar da aka gama da su ma ya isa. Yaron da ya cika takarda huɗu biyar da hannunsa, ranar da kika shimfiɗa masa yadi ba sai kin tsaya a kansa ba. Wanda kuwa aka fara da shi a yadi, tsoron ɓatawa ne zai riƙe masa hannu, ƙarshe ke ce za ki karɓa ki buga masa, a rataye a ce aikin yara ne alhali aikin malama ne, kuma wallahi yaran sun sani.

Shi abun bugawan, wato hatimin, ba sai kin saya ba. 'Yan aji ɗaya da biyu ki fara musu da kuɓewa ɗanya, ki yanka ta a tsakiya ki ba yaro ɓangaren da yake da kai ya riƙe, in ya danna za ki ga fure ne ya fito da 'yan ɗakunansa a zagaye, ba wanda ya sassaƙa komai. Murfin kwalbar lemo yana ba da zobe, totuwar masara in aka mirgina ta tana ba da ɗigo-ɗigo mai kyau, ganyen mangwaro ko na gwaiba ko na darbejiya kuwa bayansa ake shafa wa fenti don nan jijiyoyin suka fi tasowa, sai a kifa a ɗora wata takarda a kai a murza da tafin hannu. Dankali shi ne kowa ya sani, amma akwai abun da ake mantawa, in kin yanka dankalin turawa ruwa ne a fuskarsa, in ba ki goge shi da tsumma ya ɗan sha iska ba fentin zai tsinke ya zame. Kuma yankan ya zama sara ɗaya da babbar wuƙa don fuskar ta kwanta sumul, in kika yi ta gurzawa tsakiyar zanen ba za ta taɓa takarda ba. Dankalin Hausa ya fi tauri, ya fi riƙe ƙananan layuka, ya kuma fi jure hannun yara. Rogo ma yana yi amma ni ba na ba ƙanana, don ɗanyen rogo yana da guba, yaro ɗan shekara shida kuwa kin san sai ya kai baki. Duk ɗanyun cikin waɗannan na yini ɗaya ne ko biyu, daga nan sun yanƙwane.

Maganar wuƙa da reza kuwa dan Allah kar ma a fara. A aji mai yara da yawa ba yanda za a yi idonki ya kai kan kowa, ki yanka dankalinki a gida ko a ofis kafin a shiga aji, ki shigo da shi a roba. In kina so yara su ƙirƙiro nasu hatimin, kuma ya kamata su yi daga aji uku zuwa sama, to akwai hanyar da ba ta buƙatar kaifi. Ki sa su kawo tsofaffin silifas da suka tsinke, a wanke su da omo, ke ki yayyanka su gida-gida su zama abun riƙewa, sai a samo siririn soso irin wanda ake samu a cikin kwalin kaya ko wanda masu takalmi suke aiki da shi, yara su zana siffarsu a kai da biro su yanka da ƙaramin almakashi su manna da gam a jikin silifas ɗin ko guntun katako, guntayen katako kuwa kafintoci zubarwa suke, in kika je Sabon Gari ko Tudun Wada kika yi bayani za su tara miki. Zare mai kauri ma ana naɗa shi a jikin katako ya ba da layuka. 'Yan aji biyar da shida kuma ki samo musu farar robar tekawe ɗin nan mai laushi, a yanke gefen a bar shafaffen gindin, yaro ya zana a kai da biro yana ɗan dannawa, duk inda biron ya bi ya lotsa, in aka shafa fenti aka buga sai layin ya fito fari a cikin kala. Daga nan suke gane ainihin dokar aikin, abun da ya taso shi yake ɗaukar fenti, abun da ya lotsa shi yake zama fari.

Akwai doka ta biyu wadda bayani ba ya shigar da ita sai an gani, komai a juye yake fitowa. Yaro zai rubuta harafin farko na sunansa da murna, ya buga ya ga ya juya baya. Ki bari hakan ta faru a takardar gwaji, sannan ki fito da ƙaramin madubi ki nuna musu hatimin a ciki, ki ce abun da kuka gani a madubi shi zai fito a takarda. Haruffa irin A da H da M da O da T ba ruwansu, amma B da S da R da K sai an juya. Tunda kuma maganar rubutu ta zo, ki hana su buga aya ko sunan Allah, don takardun gwaji a ƙasa suke ƙarewa ana takawa, kuma ba ki san inda mai shara zai kai su ba.

To sai fenti, nan ne yawanci aikin yake lalacewa, shi ya sa zan ɗan daɗe a kai. Na takarda fosta kala ya isa, wanda ake sayarwa a shagunan kayan makaranta, ki dama shi ya yi kaurin kunun gyaɗa, in ya fi haka ruwa zai malale, in ya fi haka kauri zai cike ramukan hatimin zanen ya dame. In kuɗin bai kai ba ki dafa sitati ki bari ya huce ki zuba masa shuɗin wanki, kin samu kala ɗaya mai kyau, baƙi kuma a daka gawayi ya yi laushi sosai a tankaɗe a haɗa da jiƙaƙƙen ƙaro, yanda dai ake haɗa tawadar allo sai dai wannan a bar shi da kauri. Zoɓo da kurkum suna ba da kala a takarda kuma yara suna jin daɗin ganin abun kicin ya zama fenti, amma suna koɗewa in rana ta dake su, shi kuma sitati kwana ɗaya biyu ya yi tsami, don haka ki dama na ranar kawai. Babban abun shi ne kar yaro ya tsoma hatimi a cikin kwanon fenti kai tsaye. Ki sa yankin soso a faranti ki zuba fentin a kai kamar cokali biyu ki baza har soson ya shanye, a kan soson yaro zai ɗan daddanna hatiminsa sannan ya kai takarda. In kika duba bugun da ya fito kika ga gefensa ya yi kauri ya tara fenti tsakiyar kuma ta yi fayau, fenti ne ya yi yawa kuma yaron ya danna da ƙarfi har ya matse shi gefe. In kika ga ya fito da fari-fari a ciki, ko fentin ya yi kaɗan ko kuma ƙasan ya yi tauri, shi ya sa ake shimfiɗa jarida ninki huɗu biyar ko tsohon zani a ƙarƙashi, benci tsurarsa ba ya karɓar bugu, balle benci mai ramuka.

Yanda nake koya musu dannawar kuwa, hannu ɗaya ya dafe takarda, ɗayan ya sauke hatimi a miƙe, a ƙirga ɗaya biyu uku da ƙarfi duk ajin tare, ba juyawa ba girgizawa, sai a ɗaga sama tsaye. Za ki ga yarinya ta cije leɓe ta ɗora ɗayan hannun ma a kai ta tashi tsaye kan yatsun ƙafa tana dannawa, in ta ɗaga ta ga furen ya fito tsaf sai ta juya tana neman wanda ya gani. Ki tabbata kin gani kin kuma faɗa, don wannan na farkon shi yake sa ta yi na goma da kulawa.

Bayan hannu ya faɗa sai jeri. Ki sa su ninke takardar biyu, su ƙara ninkewa, su ƙara, in suka buɗe ga gidaje takwas sun fito ba rula ba fensir, kowane gida bugu ɗaya. Darasi na gaba a tsallake gida ɗaya-ɗaya, na gaba a sa hatimi biyu suna karɓa-karɓa, na gaba a riƙa juya hatimin kwatan zagaye a kowane gida a ga abun da zai haifar, wanda ya fi wuya shi ne layi na biyu ya sauka a tsakanin na farko. Ki sa ɗan alama da biro a bayan kowane hatimi don yaro ya san ina ne sama. Malamin lissafi zai gode miki, don jeri da ninkawa da siffofi duk suna ciki, yaro yana ƙirga gida huɗu sau biyu da hannunsa.

Su kuma zane-zanen da za a buga, gaskiya ina jin takaici in na shiga aji na ga an kwafo tuffa da ɗan beyar daga littafin waje, alhali muna zaune a garin da ado yake ko'ina. Ki ce su kalli gaban fadar Sarkin Zazzau, su kalli tsofaffin zaurukan cikin birni, su kalli dagi, su kalli aska takwas da aska biyu a wuyan babbar rigar babansu, aikin hular da yayyensu suke ɗinkawa a ƙofar gida, zanen ƙwaryar fura, zayyanar allon mai sauka. Ki ba su aikin gida kowa ya zano siffa ɗaya da ya gani a gidansu ko a hanya. Dagi cikakke ya yi wa ɗan firamare wuya, amma in aka ɗauki lauje ɗaya daga jikinsa aka buga sau huɗu ana juyawa sai ga shi ya kusa haɗuwa da kansa. Wani amfanin kuma, kin huta da ƙorafin iyayen da ba sa son zanen abu mai rai, don duk waɗannan layuka ne da kusurwoyi.

Yana da kyau su san cewa abun nan ba wasan yara ba ne kawai. A ƙasar Sin da katako aka fara buga littattafai, akwai wanda yake ɗauke da shekarar 868 har yau yana nan. A Indiya garuruwan Bagru da Sanganer kusa da Jaipur da hatimin katako suke buga yadi da hannu har gobe. A Gana mutanen Asante suna buga adinkra da hatimin da suka sassaƙa daga ɓawon ƙwarya, garin Ntonso kusa da Kumasi ya yi suna a kai, kuma su ma sai sun ja layuka sun raba yadin gida-gida kafin su fara bugu, daidai abun da na ce ki yi da ninkin takarda. Sannan nan gida, Bruce Onobrakpeya wanda duniya ta san shi da buga zane a Zariya ya yi karatu, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Har yanzu ana koyar da zane da aikin yadi a jami'ar a Samaru, in makarantarku za ta iya rubuta takarda a nemi izini a kai 'yan aji shida su ga manyan tebura da ɗalibai suna bugu, wannan fitar ba za su manta da ita ba.

Tsarin aji kuma, ki roƙi a haɗa miki firiyod biyu a jere, don guda ɗaya kafin a raba kaya a tattara an kaɗa ƙararrawa. Ki raba su shida-shida ko takwas-takwas, kowane rukuni faranti ɗaya kala ɗaya, kuma hatimi ba ya barin farantinsa, yaro ne zai tashi da takardarsa ya je wajen wata kalar, in ba haka ba kafin minti goma duk kalolinki sun koma ruwan ƙasa. Kowa ya zo da tsohuwar riga ya ɗora kan yunifom, 'yan mata a naɗe hijabi ta baya ko a sa musu tsohon ɗankwali a gaba, don fenti a hijabi shi ne zai kawo miki uwa har ofis. Bokiti biyu a bakin ƙofa, ɗaya na wanke hatimi ɗaya na hannu. Ki ja igiya a bayan aji ki rataye aikin, suna a bayan takarda tun kafin a fara. In ajin ya wuce ƙarfinki rabi su yi bugu rabi su zauna suna zana hatimin da za su yi, sati mai zuwa a juya. Ki kuma lura da lokaci, da hunturu fenti yana bushewa a kan soso kafin a je ko'ina sai kina yayyafa ruwa, ga ƙura tana manne wa ɗanyen aiki, da damina kuma takarda sai ta kwana ba ta bushe ba, kar ki tara su kan juna.

Sai a sati na huɗu ko na biyar za ki fito da yadi. Ki nemi na auduga zalla, farin alawayyo ko akoko, ko tsohon zanin gado fari da aka daina amfani da shi, mai santsin roba ba ya riƙe fenti da kyau. Sabon yadi dole a wanke shi tukuna don sitatin kamfani da yake jikinsa yana hana fenti kamawa, a shanya a goge. A shimfiɗa tsohon bargo a tebur a ɗora yadin a ja shi a kama gefe da fil ko salatif, a ja gidajen da alli. Fosta kala da sitati ba na yadi ba ne, wanki ɗaya sun tafi. Fentin yadi za ki nema, ko ki je wajen masu buga rubutu a jikin riguna ki sayi kala da farin ruwan da suke haɗawa da ita wanda suke ce wa baida, ki tabbata na ruwa ne ba wanda ake wankewa da kananzir ko fetur ba. Fentin bango na ruwa wasu suna sa shi don arha, yana kamawa amma yadin zai sandare ya riƙa tsagewa, in abun ratayewa ne a bango ba laifi, in na sawa ne a'a. Fentin mai kuwa kar ya shigo ajin sam, ga wari ga shi yana cinye robar tekawe. Haka garin rini da ake haɗawa da soda da haidiro, wannan aikin marina ne manya, soda tana ƙona fata tana makantarwa, ba ta da wuri a firamare.

Yadi ya fi takarda shan fenti, don haka a ƙara ɗan kaɗan a soso a kuma ƙara daɗewa wajen dannawa, a fara gwadawa a ƙyalle. Ki fara da ƙanana, hankici ko rigar filo ko 'yar jakar littafi, kowa da nasa. Na nunawa iyaye kuma ki yanko yadi biyu ko uku ki raba shi gida-gida daidai yawan yaran, kowane yaro gida ɗaya da hatiminsa, ki rubuta sunayensu a takarda a gefe bisa jerin gidajen, ranar taro za ki ga uba ya sunkuya yana bin layi da yatsa yana neman na ɗiyarsa. Wanda ya ɗan karkace ki bar shi a haka kar ki gyara.

In an gama a bar shi ya kwana ya bushe sarai, sannan a goge shi ta baya da dutsen guga mai zafi, ko a ɗora wani ƙyalle a kai a goge, kowane wuri kamar minti uku zuwa biyar, zafin ne yake sa fentin ya zauna, amma ki duba abun da aka rubuta a jikin robar fentin don suna bambanta. In ba wuta na gawayi ma yana yi, ki dai kula da toka da tartsatsi, kuma gugan ke za ki yi ba yara ba. Wajen ba da maki ki duba tsabtar bugun da daidaiton jeri da ko yaron shi ya ƙirƙiro siffarsa, ki haɗa da takardun gwajinsa na farko ki ga inda ya taso. Waɗanda za su tafi da nasu gida ki gaya musu a bari ya yi kamar sati kafin wankin farko, a wanke da ruwan sanyi ta baya, ba bilic ba burushi, a shanya a inuwa.